Neman kalma: me za mu kira embolization da Hausa?

Sista: Salamu alaikum. Ana fassara takardar da majinyaci zai sa wa hannu kafin a yi masa embolization, saboda jijiyoyin da suka haɗe ba bisa ƙa'ida ba a tantanin ƙwaƙwalwa. An rubuta "toshe jijiya". Ya yi?

Likita: Wa alaikumus salam. Bai yi ba, Sista. Toshewar jijiya ita mutane suka sani da kawo shanyewar ɓarin jiki, ita ce kuma babbar illar da ake gudu a aikin. In magani da illarsa suka ci suna ɗaya, takarda ta dagule. Ciwon shi ne jijiya mai kai jini ta zarce cikin mai dawo da shi, ba ta bi ta ƙananan jijiyoyi ba. Sai a zura siririn tiyo ta matsematsin cinya har wurin, a tura Onyx (wani ruwa mai daskarewa a cikin jijiya) ko danƙo, ko murɗaɗɗiyar wayar filatinam.

Malamin Hausa: To Likita, ai ɓarauniyar hanya jinin ya samu. Kada a ce yoyo, hankali zai tafi ga yoyon fitsari, alhali nan jini ba zuba yake ba. Aikin kuwa "liƙe" ko "datse".

Likita: Liƙe ya bar wayar filatinam a baya, Malam, ita ba ta liƙewa. Kuma muna buƙatar kalmar a wani wurin: in Onyx ya yi baya ya daskare a bakin tiyo, tiyon kan liƙe, a ja da ƙarfi jijiya ta yage, wani lokaci dole a bar guntunsa a ciki. Datse ya fi, don kamar madatsar ruwa ne, in an datse inda bai dace ba ruwa ya yi ambaliya. A rufe jijiya mai dawo da jini alhali ɓarauniyar hanyar na buɗe, jini ya taru ya fasa.

Komawar Onyx baya ita ce tushen illoli da dama. Jijiyar tantanin da aka fi bi tana da reshe mai ciyar da jijiyar motsin fuska, in ya shiga nan baki ya karkace, ido ya ƙi rufuwa. A wasu mutane tana haɗe da jijiyar da ke kai wa ido jini, nan kuma makanta ce. Shi ya sa ake girgiza Onyx minti 20 kafin aiki don ya fito sosai a hoto, a tura a hankali, da an ga ya juyo a dakata. Gaggawar turawa kan sa bugun zuciya ya ragu nan take.

Sista: Ke nan "datse ɓarauniyar hanyar jini". Zan ƙara kumburin tarin jini a cinya, da ruwan da ake turawa a jijiya don ta fito a hoto, mai iya wahalar da ƙoda.

Likita: Ki sa har da warin tafarnuwa a numfashi na kwana 1 ko 2. Ruwan da aka narkar da Onyx a cikinsa ne ke fita, kada 'yan jinya su tsorata.