Mun canza shugabanni amma banki ya ce bai san mu ba, ya ake sauya masu sa hannu a asusun ƙungiya?

Sabon Ma'aji:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa riƙe irin wannan muƙami. Ƙungiyar masu gidaje ta rukuninmu ta yi zaɓe sati 3 da suka wuce, tsohon kwamiti ya sauka gaba ɗaya aka ɗora mu, ni aka maƙala wa ma'aji duk da ban nema ba. Asusun mutum 3 ke sa hannu, ciyaman da sakatare da ma'aji, kuma sai biyu sun sa kuɗi ke fita. Na tafi banki da takardar sakamakon zaɓe ina ganin magana ta ƙare, matar da ke tebur ta duba kwamfuta ta ɗago kai ta ce ita sunayen da take gani ba namu ba ne, ko abin da ya rage a ciki ba za ta gaya min ba. Ga masu gadi suna jiran albashi ga injin ruwa ya tsaya. Tsohon ciyaman ba shi da matsala ya ce ko yau aka kira shi zai zo, sakataren ya sayar da gidansa ya tashi, shi kuwa ma'ajin tun da ya faɗi zaɓe ba ya ɗaga wayata kuma littafin cek yana hannunsa. Ta ina zan fara? Dole ne sai tsofaffin sun sa hannu kafin a cire su?

Tsohuwar Ma'aikaciyar Banki:
Wa alaikumus salam Malam. Kada ka ga laifin matar nan, aikinta ta yi. Shi banki ba ruwansa da zaɓenku, bai je ba bai gani ba, abin da ya sani kawai katin sa hannun da ke fayil ɗinku, duk wanda sunansa ke kai shi ne mai iko da asusun ko da shekara 5 da saukarsa. Takardar sakamakon zaɓe ta nuna wa ya ci ne, ba ta ce a cire wane a sa wane a banki ba, nan ne mutane ke kuskure.

Ku kira mitin na kwamiti kamar yadda tsarin mulkin ƙungiyarku ya tanada, ku tabbatar adadin da ake buƙata ya cika, ku zartar da ƙuduri a rubuce. A cikinsa a rubuta sunan banki da lambar asusu, cikakkun sunayen waɗanda ake cirewa, sunaye da muƙaman waɗanda ake sawa, da yadda sa hannun zai kasance, ko kowane biyu cikin uku ko ma'aji dole sai ɗaya cikin sauran. Ciyaman da sakatare su sa hannu, in kuna da hatimi ku buga. Ku haɗa da bayanin taron da aka yi zaɓen da kwafin tsarin mulki, sannan kowane sabo ya je da kansa da katin shaida da shaidar adireshi, wani bankin har hoto, ya cike fom ya sa hannu a gabansu. Sunan da ke ƙudurin ya zama daidai da na katin shaida harafi da harafi, na sha mayar da mutane gida saboda an juya suna ko an taƙaita shi.

Maganar tsofaffi kuwa bankuna sun bambanta, da yawa suna son wasiƙa daga masu sa hannun da ke kai yanzu don su tabbatar ba ƙwace aka yi ba. In ƙungiyar tana da rajista da hukuma to ku fara sabunta sunayen shugabanni can, don banki zai iya duba wa aka rubuta a rajistar. Kafin ku sake tattaki ku ce su rubuta muku jerin abin da suke so.

Mai Gida Lamba Tara:
Ranka ya daɗe sakataren nan tashi ya yi ba mutuwa ba ai. Shi da tsohon ciyaman sun cika biyu, ku neme shi su sa hannu a biya masu gadi yanzu, su kuma sa wa wasiƙar miƙa asusu hannu, ba sai kun ta bin mai fushi ba. Amma gaskiya kun yi ganganci da kuka sauke ukun rana ɗaya ba a yi miƙa aiki ba.

Tsohon Sakatare:
Abin da Hajiya ta faɗa haka yake, ni dai zan ƙara da wanda ya cije mu a tamu ƙungiyar. Mun canza sa hannu lafiya lau muka koma muna murna, ashe katin sa hannu kawai aka taɓa. Wata biyu cur alat yana shiga wayar tsohon ma'ajinmu, duk wanda ya biya kuɗin wata shi ke gani mu ba mu gani, kuma shigarsa ta intanet tana nan a buɗe da ƙaramar na'urar nan mai ba da lambobin sirri a durowarsa. Allah ya sa mutumin kirki ne shi ya kira ni yana dariya. Don haka a wasiƙar ku rubuta ɓaro-ɓaro a sauya lambar waya da imel, a rufe shigar intanet ta tsofaffi, a toshe katin cirar kuɗi in akwai, kuma in kuna da wani asusun ajiya daban na manyan gyare-gyare shi ma a saka lambarsa don ba lallai canjin ɗaya ya shafi ɗayan ba.

Na biyu shi ne cek. Tsofaffin sun rubuta wa mai gyaran fitilu cek bai kai banki ba sai bayan an canza, aka dawo masa da shi wai sa hannu bai dace ba, bawan Allahn nan ya zo ƙofar gidana da sassafe yana faɗa kamar ni na cinye. Ku nemi sitatimen na wata 6 ku gwada da gindin cek ɗin, wato guntun da ke saura a littafin in an yage cek, ku ga wanne aka rubuta bai fita ba.

Sabon Ma'aji:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. To ai gindin cek ɗin ma yana wajen tsohon ma'ajin Malam. Wasu cikinmu sun ce mu rubuta wa banki cewa muna zarginsa kawai.

Tsohuwar Ma'aikaciyar Banki:
A'a Malam, ku bi a hankali da wannan. Da zarar banki ya ji ƙanshin rikicin shugabanci abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya hana fitar kuɗi gaba ɗaya har ku sasanta ko ku kawo umarnin kotu, kun ga masu gadin da kuke tausayi su za su sha. Sai in kun ga alamar kuɗi na fita ba bisa ƙa'ida ba, nan kam rufewar ta fi. In ba haka ba, ciyaman da sakatare na da su rubuta a dakatar da sauran ganyen littafin da ke hannunsa, banki yana da lambobin da ya bayar, bayan an sa ku sai ku nemi sabo. Shi kuma ku aika masa wasiƙa ta girmamawa da ranar da zai kawo kayan ƙungiya, ku ajiye kwafi, ku tura dattijon da yake jin kunyarsa ya kai masa hannu da hannu.

Sabon Ma'aji:
Na samu sakataren ɗazu, ya ce ranar Litinin zai shigo. Mitin kuma mun sa gobe da daddare. Hajiya ƙudurin da hannu za a iya rubutawa ko dole sai an buga a takarda mai kan ƙungiya? Don tamu ta ƙare kuma sunayen tsofaffin ne ma a jikinta.