Ta yaya zan shawo kan iyaye su shiga bincikenmu?

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a fannin lafiya a nan Maraɗi, kuma ina bincike kan yadda yara ƴan firamare ke motsa jiki, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki a kullum.

Inda aikin ya cije shi ne wajen iyaye. Mun aika takardun neman izini ta hannun yara, amma kaɗan ne suka dawo. Da na bi gida-gida, wata uwa ta shimfiɗa mini tabarma, ta saurare ni da kyau, sannan ta ce sai maigida ya amince, shi kuwa ba ya dawowa daga kasuwa sai bayan isha'i. Wata kuma ta ce ƴarta tana talla da ɗiban ruwa tun safe, wane motsa jiki ya rage mata? Gaskiya maganarta ta tsaya mini a rai, don tambayoyinmu ƙwallo da langa kawai suka kulla da su.

Don Allah, waɗanda suka taɓa irin wannan aiki, ta hannun mai unguwa ya kamata in fara, ko ta limamai?