Na yi asara a bet amma an ce sai na biya haraji, wai haka dokar take a Karolina ta Arewa?

Dan_Maradi336:

Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah kar a fara da zagi, na san abin da na yi ba daidai ba ne, faɗan da na sha wajen uwargida ma ya ishe ni, yau sati biyu kenan gaisuwa kawai ke haɗa mu. Tambaya ce da ni kan lampo, wato haraji.

Ina Greensboro shekara takwas kenan, aikin dare nake a wani sito. Bara da aka buɗe bet ta waya a jihar nan, 11 ga Maris 2024, ba zan manta ba don ranar muka ɗauki azumi, talla ta hana mu sakat, talabijin, rediyo, allon bakin titi, wai sa dala 5 a ba ka bonas na 200. Na daure har aka yi sallah. Bayan sallah da sati ɗaya wani abokin aikina ya sauke min manhajar lokacin hutun cin abinci, ranar Madrid za ta buga da Man City wasa na biyu, na sa dala 20 kan Madrid za ta wuce, aka je fanareti ta wuce. To daga nan fa shikenan. Firimiya, Laliga, har kwando na ƙasar nan da ban san kan dokarsa ba sai da na sa wa kuɗi, dala 10 nan 25 can, in na ci in mayar, in na faɗi in ƙara don in fanshe.

Shekaranjiya na je wajen mai cika min takardun haraji, ya tambaye ni ko ina buga bet na ce kaɗan-kaɗan, ya ce in buɗe manhajar in fito da lissafin shekara. Wallahi sai da na zauna. Wai na ci dala 9,300, na faɗi 10,100. Ni ban taɓa riƙe dubu tara a hannuna ba, kuɗin juyawa kawai suke a ciki, abin da na sani 800 ta fita daga aljihuna ba ta dawo ba. Sai mutumin ya ce 9,300 ɗin nan za a rubuta ta cikin kuɗin shigata na shekara, kuma abin da nake sa ran gwamnati za ta maido min bana ya kusa tafiya duka. Na ce to asarar fa? Ya ce ba za ta amfane ni ba.

Wai gaskiya ne ko bai san aikinsa ba ne? Kuma kamfanin bai aiko min da wata takardar haraji ba, in na yi shiru wa zai sani? Na uku, ina da girin kad, bana nake son neman zama ɗan ƙasa, wannan zai ɓata min? Sannan ƙanena ɗan shekara 19 wani lokaci yakan buga da akawun ɗina a wayarsa.

Bakano_a_Raleigh:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Mutuminka ya san aikinsa, abin da ya faɗa maka haka yake, sai dai haƙuri. Ni lissafin kuɗi na karanta, ba lauya ba ne, amma bari in warware maka yadda abin yake.

Wajen IRS, hukumar harajin tarayyar Amurka, duk abin da ka ci a caca kuɗin shiga ne kamar albashi. Ba a ce ka cire asara ka rubuta ragowa ba, ci daban faɗuwa daban, kowanne da gurbinsa a fom. Asarar tana shiga ne kawai in ka zaɓi jera abubuwan da za a rage maka ɗaya bayan ɗaya a fom ɗin Schedule A, kuma ba za ta wuce adadin abin da ka ci ba, wato kai a dokar 2024 9,300 ce iyakarka ko da ka faɗi dubu hamsin. To matsalar ita ce duk wanda ya zaɓi jerawa ya bar rangwamen da ake ba kowa kai tsaye, na 2024 dala 14,600 ne ga gwauro, 29,200 ga mata da miji in sun haɗa takarda. Kai mai iyali, ka bar 29,200 ka ɗauki 9,300? Ka ga ba ta ɓulle ba. Shi ya sa ya ce asarar ba ta da amfani, ba mugunta ba ce.

In kana matakin kashi 12 cikin ɗari kamar yawancinmu masu aikin awa, 9,300 ta ja maka wajen dala 1,100 na tarayya. Sai jiha. Karolina ta Arewa kashi 4.5 take karɓa a 2024, kuma a takardar jiha ta wannan shekarar sam babu wajen cire asarar caca ko ka jera ko ba ka jera ba, wannan kuma wajen 418. Ka haɗa da 800 ɗinka ka ga nawa wasan ya ci maka. Kuma da yake kuɗin shigarka ya hau a takarda, tallafin da ake ba masu ƙaramin albashi da yara zai iya raguwa, ina zaton nan ne sauran kuɗin naka suka bi.

Maganar takarda kuwa, W-2G ake ce mata, a dokar 2024 ba a aiko ta sai ka ci dala 600 ko fiye a tikiti ɗaya kuma cin ya ninka abin da ka sa sau 300. Mai sa dala 25 ya ci 40 ba zai taɓa ganinta ba. Rashin zuwanta bai sauke maka nauyin faɗa ba. Kuma ka tuna da lambar sosiyal ɗinka, wato lambar shaida da gwamnati ke gane ka da ita, ka buɗe akawun ɗin, da hoton lasisinka, duk tikitin da ka buga yana ajiye da rana da minti. Wannan ba shagon bet na unguwa ba ne da za ka yaga takarda ka wuce.

Direban_I85:

Hhhh Dan Maradi sannu, ashe muna da yawa. Ni kam tun kafin a buɗe a nan nake wannan haukar, lokacin sai mutum ya ɗauki hanyar 29 ya haura Danville ya shiga Virginia, ka faka a gidan mai ka buga ka juyo, man da za ka ƙona ma ya fi abin da za ka ci. Yanzu kuma da babbar mota nake yawo, in na sauko ta hanyar 85 na wuce Charlotte na shiga Karolina ta Kudu manhajar sai ta ce ba ta ga inda nake ba, can haramun ne har yau, Jojiya ma haka, sai ka kalli od ɗin, wato lambar abin da za ka ci in ka dace, kawai kamar mai azumi a gaban mai tsire. Wata rana na tsaya dab da iyaka wajen minti arba'in ina kashe waya ina kunnawa don in samu in sa tikiti kafin a take wasa, kaya na jira a Atlanta, ranar na san abin ya fara taɓa min kai.

Abin da zan ce maka shi ne maganar ƙanenka, ka raba shi da akawun ɗin nan yau ɗin nan ba gobe ba. Doka shekara 21 ce, kuma ba a yarda wani ya buga da sunan wani ba ko da ya kai shekarun. Suna ganin wace waya ce ta shiga kuma daga ina, in suka ga kai kana sito shi yana gida duk a lokaci ɗaya za su kulle akawun su riƙe abin da ke ciki, na ga wanda aka yi wa. Kuma duk abin da yaron ya ci a kanka aka rubuta, cikin 9,300 ɗin nan har da nasa kake biya wa haraji.

Bonas ɗin 200 kuma da ya ja mu duka, ka lura ai ba kuɗi ba ne, ba ka iya cirewa, dole ka buga shi cikin 'yan kwanaki, in ka ci ma riba kawai za a ba ka ban da uwar kuɗin. Tsaba ce ake watsa wa kaji.

Hajiya_ta_Bronx:

Ɗana, ni ba zan zage ka ba amma zan faɗa maka gaskiya. Ku yanzu abin ya zo muku, mu nan New York tun Janairun 2022 muke gani. Kafin nan samarinmu har gadar George Washington suke hawa da keke su tsallaka ɓangaren New Jersey su buga su dawo, muna yi musu dariya, ashe wahalar tsallakawar nan ita ke kare su. Da aka kawo shi cikin aljihu sai ga magidanta masu tuƙin tasi suna bugawa a jan wuta. Ina cikin adashin mata, sau biyu ana zuwa ɗauka wata ta ce maigida ya ranci zubinta bai maido ba, da aka bi diddigi duk waya ce ta cinye.

Kuma ku daina cewa tunda gwamnati ta halatta ai ba komai. Gwamnati rabonta take nema. Nan jihar kashi 51 cikin ɗari take karɓa daga ribar kamfanonin, fiye da rabi, kuma manyansu ba su tattara kayansu sun gudu ba, to kai ka auna irin ribar da ke ciki. Daga aljihun wa take fitowa? Giya ma ai da lasisi ake sayar da ita a kowane lungu. Allah Ya haɗa su a aya ɗaya cikin Ma'ida, giya da caca, Ya ce ku nisance su, ba sai na ja maka ba ka sani.

Matarka tana da gaskiya. Ka zaunar da ita ka nuna mata lissafin nan da idonta, duka, kar ka rage ko sisi, don in ta gano saura daga baya wannan ya fi asarar ciwo.

Bakano_a_Raleigh:

Hajiya ta taɓo wajen. A nan Karolina ta Arewa kashi 18 ne jiha ta karɓa a 2024, cikin kuɗin ana ware dala miliyan 2 duk shekara don maganin masu jarabar caca, ana kuma ba sashen wasanni na jami'o'in gwamnati 13, har da A&T da UNCG da ke garinku Dan Maradi. Wato da hannu ɗaya a sayar maka da ciwo da ɗayan a miƙo maka panadol. Duk wannan ya biyo bayan hukuncin kotun ƙolin Amurka na Mayun 2018 da ya soke dokar 1992, aka bar wa kowace jiha ta yanke wa kanta, shi ya sa Direba yake ganin manhaja na mutuwa tana farfaɗowa a hanya. Abin dariya mu ma a gida kusan haka ta faru, Nuwamban 2024 kotun ƙolin Najeriya ta ce harkar caca ta jihohi ce ba ta tarayya ba, ga Hisbah a Kano tana rufe shaguna, amma wa zai rufe wayar da ke aljihun yaro?

Ga lissafin da nake so kowa ya riƙe. Od ɗin da aka fi sawa a nan shi ne ka sa 110 ka ci 100. Mutum biyu, ɗaya ya ɗauki wannan ƙungiya ɗaya ya ɗauki waccan, an tara 220, wanda ya ci ya karɓi 210, kamfani ya soke 10 ko wa ya yi nasara. Kafin ka tashi ba ci ba faɗuwa sai ka dace a fiye da 52 cikin kowane tikiti 100, kullum, shekara da shekaru. Masu haɗa wasa takwas a tikiti ɗaya kuwa, ko da kowane wasa rabi da rabi ne, damarka ɗaya ce cikin 256, shi ya sa kullum labarin ɗaya ne, wai wasa ɗaya ne ya yanke min.

Na manta tambayarka ta zama ɗan ƙasa. Bet a manhaja mai lasisi ba laifi ba ne a doka, fom ɗin neman zama ɗan ƙasa, N-400, caca ta haramtacciyar hanya yake tambaya. Amma yana tambaya ko ana bin ka harajin da ba ka biya ba, kuma rantsuwa kake a kai. To ka ga shirun da kake tunanin yi shi ne zai iya zame maka ƙaya, ba bet ɗin ba. Ka rubuta, ka biya, in babu kuɗin a ƙasa IRS na yarda a biya wata-wata. Maganar yaron kuma ka faɗa wa lauyan shige da fice kafin ka tura fom, kar ka tsaya kan abin da muka ce a nan.

Dan_Maradi336:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Hajiya na ji, daren jiya na nuna mata, ta kalli lambar ta kalle ni ta ce dubu tara, ko kujerar Makka ce ai ta kusa, ta tashi ta shiga ɗaki. Amma da safe ta ajiye min shayi, to da sauƙi.

Na canza lambar sirri na fitar da wayar ƙanena, ya yi fushi wai akwai dala 60 tasa a ciki, na ba shi daga aljihu. Saura 34 na cire. Da na zo rufewa sai ga saƙo wai an ba ni bonas na dala 50 in buga kafin Lahadi, kuma ranar Asabar Madrid na da wasa, wallahi sai da na riƙe wayar kusan minti biyar.

Malam Bakano, na ga wajen da mutum ke sa sunansa a hana shi bugawa gaba ɗaya, akwai na cikin manhajar akwai kuma na hukumar caca ta jiha da ke rufe duka kamfanonin. In na sa sunana a na jihar, zan iya shiga in sauke lissafin Janairu da Fabrairun bana? Don na buga a watannin nan biyu, kenan baɗi ma akwai wani lampon yana jirana.

Direban_I85:

Sauke komai tukuna ka tura wa kanka ta imel, ka buga a takarda ma ka ajiye, sannan ka sa sunan. Kuma na jihar za ka yi, na cikin manhaja ni sau uku ina yi ina sauke wata.