Ɗan burga ya hana ni sakat a poka, ku ban shawara

Salam 'yan uwa, daga Gusau nake. Muna buga poka mai iyaka (wasan kati ne, abin da ake sakawa kowane zagaye ƙayyadadde ne) da abokai bayan isha'i, ba caca ba ce don Allah kar a fara min wa'azi, da tsinken ashana muke lissafi. Tsarin 2/4 muke yi, zagaye biyu na farko tsinke 2 ake sakawa, na uku da na ƙarshe 4.

To akwai wani abokinmu ɗan burga, kowane zagaye sai ya ƙara, ko kati mai kyau gare shi ko babu. Jiya ina riƙe da kati biyu masu lamba tara, sarki ya fito a katin ƙarshe, ya saka 4 tsakiya kuma akwai 40, gabana ya faɗi na ajiye, wallahi sai ya juyo katinshi yana dariya ashe ba komi ciki. Da na lissafa daga baya, da 44 a tsakiya, 4 kawai zan saka in bi shi, ko sau ɗaya cikin 12 na ci ban yi asara ba.

Yanzu mi ya fi? In riƙa binshi shiru har ƙarshe ya yi ta zuba ashanarshi, ko in ƙara mishi in na samu kati? Tsorona in na ƙara zai daina burgar, ni kuma a nan nake son cinshi.