Liyarin 1780: azurfa zalla ce ko da gami?

Sadiya: Jama'a ku taya ni. A adakar kakarmu muka tsinci liyari uku masu hoton wata Baturiya, an rubuta 1780. Kawu ya ce azurfa ce zalla, shekarunsu sun haura 240, kada mu sayar ko nawa aka taya.

Kabiru: Kawu ya yi gaskiya. Tsofaffin kuɗi ba a san su da gami ba, algus na zamanin nan ne.

Malam Isa: Kabiru, bi a hankali. Matar ita ce Maria Theresa ta Ostiriya, a 1780 ta rasu. Tun daga nan duk liyarin da aka buga 1780 ɗin ake sa masa, don fataken Larabawa da Habasha har zuwa Borno ba sa karɓar wanda aka sauya wa kama. An buga shi a Landan da Bombay a ƙarni na 20, kuma har yau Ostiriya ba ta daina ba. Ba mamaki kakarku ta girmi liyarin nan, Sadiya.

Sadiya: Kai Malam! Ka karya mini gwiwa.

Alhaji Bala: 'Yata, ni a maƙera na tashi, na ga babanmu yana narkar da su ana yin mundaye. Azurfa zalla taushi gare ta, ba ta jure yawo hannu zuwa hannu. Liyari giram 28 ne, kashi 83 cikin ɗari azurfa, saura jan ƙarfe. Kin ga kowanne yana ɗauke da giram 23 da 'yan kai. Ba abin rainawa ba ne, amma zalla kam a'a.

Kabiru: To sule da fataka fa, Alhaji?

Alhaji Bala: Ya danganta da shekara. Na ƙasarmu da aka fara bugawa a 1913 azurfa ne, daga 1920 aka koma masu ruwan tagulla.

Malam Isa: Haka Ingila kanta. Azurfar kuɗinsu kashi 92.5 ce har 1919, rabi daga 1920, a 1947 aka cire ta ƙaf. Amurka ta riƙe kashi 90 har 1964.

Kabiru: Ai kun kawo mini hujja da bakinku. Sun cire ta ne don tana ƙarewa a ƙasa. Nan gaba sai ta fi zinariya tsada.

Malam Isa: Ba ƙarewa ta yi ba. Farashinta ne ya tashi har ƙarfen da ke jikin kuɗin ya nemi fin kuɗin daraja, mutane suka fara ɓoyewa suna narkarwa. Yanzu haka ana haƙo wajen tan dubu 25 a shekara, Meziko ce kan gaba. Zinariya kuwa tan dubu 3 da ɗoriya.

Kabiru: Yawwa! Ninki takwas ke nan. To me ya sa a 2020 farashin zinariya ya ninka nata fiye da sau ɗari? Akwai lauje cikin naɗi.

Malam Isa: Farashi ba ya bin abin da aka haƙo bana kaɗai. Zinariya ajiye ta ake yi, manyan bankunan ƙasashe ma saye suke suna kullewa. Azurfa kuwa mafi yawanta tsintar ta ake yi wajen haƙar dalma da jan ƙarfe, ko ta yi araha ba a fasa fito da ita.

Kabiru: Amma tana tafiya cikin wayoyi da farantan sola, ba ta dawowa duka. Ni dai ban sauka ba.

Malam Isa: Wannan kam na ba ka.

Alhaji Bala: Ku ci gaba da musunku. Sadiya, kawo su gobe in ɗora a sikeli, don akwai na jabu da yawa. Kada ki goge su da toka.