Kifin il cikin fomalin: zai yi wajen koyar da sassan jikin kifi?

Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da Bayoloji a sakandare, bana shekarata biyu. Ina cikin kwashe kabad ɗin ɗakin gwaje-gwaje sai na ci karo da kwalabe huɗu, kowace da dogon kifin nan mai kama da maciji da ake kira il, an rubuta sunansa na kimiyya, Anguilla, a jiki. Ruwan har ya yi ja. Ina buɗe ɗaya sai hawaye. Mako mai zuwa zan shiga darasin kifi mai ƙashi. In feɗe su gaban ɗalibai ko in bari? Kuma don Allah, wannan ba gaiwa ba ce?

Tsohon malamin Bayoloji:
Wa alaikumus salam Malama. Ba gaiwa ba ce, gaiwa huhu gare ta. Shi kuwa il, kada ki fara da shi, zai rikita miki yara. Zanen littafinsu na kifi ne irin karfasa. Il ba shi da fika-fikan ciki guda biyun nan sam, na baya da na jela da na ƙasa kuma sun haɗe kamar zare ɗaya. Ɓawon jikinsa ƙanana ne, a nutse cikin fata, yaro zai rantse babu. Kafar numfashin ma 'yar tsaga ce. Ki feɗe karfasa ɗanya tukuna, sannan ki shimfiɗa il a gefenta ki ce su nemo abin da ya ɓata. Ranar za ki ga masu barci a aji sun farka.

Mai kula da ɗakin gwaje-gwaje:
Hawayen nan fomalin ne, ruwan maganin da ke hana kifin ruɓewa, ba abin wasa ba, tun 2004 hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke jawo cutar. Ki fito da kifin, ya kwana ruwa na zuba a kansa. Safar hannu, tabarau, tagogi a buɗe. In kin gama ki mayar da shi cikin ruwan itanol kashi 70 cikin ɗari. Tsohon ruwan kada ya shiga kwata.

Wata malama:
Ni kam na ɗan saɓa wa Malam babba, a yi mini afuwa. Daga waje ne il ke da rikici, cikinsa kuwa daɗin koyarwa gare shi, don komai a jere yake kamar an shanya. Ki sa almakashi daga dubura ki nufi kai, a hankali, bakin almakashin na kallon sama. Zuciya na can gaba, dab da maƙogwaro, sai hanta, matsarmama, tumbi, hanji. A samansu jakar iska, har da siririn bututun da ya haɗa ta da hanyar abinci. Sai dai fomalin ya cinye launi, hanta da tumbi duk sun zama ruwan ƙasa, naman ya yi tauri kamar roba. Allurai masu kai kala-kala nake kafawa.

Wani ɗalibin jami'a:
Malama, in sun tambayi namiji ne ko mace, kada ki wahalar da kanki. Sassan haihuwarsa ba sa nuna sai ya kama hanyar teku. Na Turai a tekun Sargaso, wani yanki na tekun Atlantika, yake haihuwa. Sigmund Freud ma, shahararren masanin halayyar ɗan Adam, yana ɗalibi a 1876 a birnin Triyeste da ke Italiya a yau, wajen 400 ya feɗe yana neman maraina.

Tsohon malamin:
Na yarda, Malama, amma ɗaya kawai za a feɗe. Il na Turai na dab da ƙarewa, cinikinsa tsakanin ƙasashe sai da izini. Ukun a bar su a kwalba.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Na zaɓi mai kaurin cikinsu, yana ƙarƙashin famfo yanzu haka. Tsohon ruwan kuma na toshe shi a jarka, ina zan kai shi?