Abin da muka tattara a zaman iyaye mata na Agege

Ranar Asabar bayan la'asar muka zauna a makarantar Islamiyya kan yaran da halinsu ke sauyawa ba gaira ba dalili.

Mun fi daɗewa kan fitsarin kwance. Wata ma'aikaciyar jinya da ke cikinmu ta ce ba a ɗaukarsa ciwo sai yaro ya wuce shekara 5, kuma ba da gangan yake yi ba. Duka da yi masa waƙar tsiya gaban 'yan haya ƙara masa tsoro suke, kuma a gidajenmu na ɗaki-ɗaki babu sirri. A rage masa ruwa da dare, a yaba masa duk ranar da ya tashi a bushe.

Ga matasa kuwa, ciwon damuwa ba kullum yake zuwa da kuka ba. Yawan fushi, ƙin abinci, rashin barci, guje wa abokai. Idan abin ya haura mako 2, a nemi likita. Wanda ya ce ya gaji da rayuwa, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Wannan ya taɓa ni ƙwarai.

An ja kunne kan tramadol da kodin.

Wata dattijuwa ta ce, "'Ya'yana, ku yi ruƙiyya, amma ku je asibiti." An ambaci asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba da LUTH, wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, a Idi-Araba.